Yaron da Ba Ya Shan Madara da Rana

"Jibi?" Zaituna ta maimaita. "Jibi-jibin nan, Malam?"

Fannami, mijinta, bai iya ɗagowa ya dube ta ba. Yana tsugune a soron gidan iyayenta da ke Haɗeja, inda take zaman jego, sai jujjuya katin awon asibiti yake a hannu.

"Ya Aisa ta riga ta yanke magana, Zaituna. Juma'a da hantsi za ta zo ta ɗauke yaron. Ruwa ya cinye hanyar mota, a kwalekwale za su tafi Baturiya. Yayata Gumsu tana goyo, nononta ya ishi biyu..."

"Kai kuma ka ce to!"

"Uwata ce fa! Me kike so in ce mata?"

"Ka ce mata ɗanka ne!"

"Don ɗana ne na yi shiru!" Ya miƙo mata katin. "Duba nan. Sati uku ke nan ana ɗora shi a ma'auni, kullum baya yake yi. Yau malamar asibiti ta taɓa maɗigarsa, ta dube ni, ba ta ce uffan ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi."

Daga cikin gida kukan jaririn ya taso, siriri, a gajiye. Tun safe yake yin sa. Zaituna ta dafe bango.

"Sai an yaye shi ke nan," ta ce a hankali. "Shekara biyu. Ranar da zai dawo, in na miƙa masa hannu ƙyuya zai yi mini."

Fannami ya miƙe, ya leƙa ƙofa ya ga babu mai zuwa, ya sassauta murya.

"'Yar Fillona... dube ni mana. Ke ce hasken gidana, kin sani. Abu ɗaya nake so ki faɗa mini. Ke da bakinki kika ce da dare yana shanye kwalba biyu tas. To me ya sa da rana ba ya sha?"

Ta buɗe baki. Maganar ta zo mata har maƙogwaro.

"Ke!" muryar Goggo 'Yar'azumi ta tsaga gidan. "Hira ce har yanzu? Ruwan kwalba ya tafasa!"

Zaituna ta ja mayafi ta shige, ta bar shi tsaye da kati a hannu.

Ba haka suka tsara ba. A shekarar babban fari, lokacin da kogi ya ƙi kawo ruwa, Fannami ya fara ganin ta a kan gada. Shi malamin awon ruwa ne, kullum safiya zai gangara bakin kogi ya duba sandar da aka kafa mai lambobi, ya rubuta inda ruwa ya kai. Ita kuwa tana dawowa daga garken babanta a fadama, da ƙwaryar nono a ka. Ya ce ga baiwarsa 'yar Fillo ta kawo wa ubangidanta karin kumallo. Ta ce ai Babarbare ne kaɗai zai tsaya yana auna kogin da babu ruwa. Tsokanar Fulani da Barebari tun kaka da kakanni ake yin ta, amma tasu ta ƙi tsayawa sai da ta kai su ga ɗaurin aure.

Da ta haihu, kwana huɗu ta yi lafiya, zazzaɓi ya kayar da ita. Kwananta goma sha biyu a asibiti. Ta tashi, nono bai tashi ba. Aka dama kunun kanwa, aka jiƙa saiwoyi, ko ɗigo. Kai jama'a! 'Yar masu shanu, jikar masu shanu, ga ɗanta a kan garin madara na gwangwani.

Malamar asibiti ta koya mata, ita kuma ta riƙe kamar karatun salla. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce. Cokali a shafe, kada a yi masa tozo. Bulumboti, wato kwalbar shayarwa, a wanke a dafa kafin a zuba. Ba ta taɓa kuskure ko ɗaya ba.

Amma yaron nan, Abdulwahid, wanda sunan ma ya fi shi nauyi, da zarar gari ya waye sai ya ce bai san zance ba. A sa masa robar a baki, ya tsotsa sau biyu, sau uku, ya ture, ya banƙare, ya tsandara kuka. In ya gaji ya yi barci, kafin tukunya ta tafasa ya farka, ga yunwa ga barci suna cin sa, ya rasa wanda zai fara yi wa kuka. Yanzu watansa biyu da rabi, a haka ake wuni.

Babu abin da ba a gwada ba. An wanke allo an ɗiga masa a baki. An yi masa hayaƙi. Fannami ya yi aike Kano an kawo wata irin madara. Goggo ta gasa allura ta ƙara faɗin hujin robar, ya ƙware har ya yi shuɗi. Aka sayo sabuwa mai ƙaramin huji, ya gaji da ja ya saki.

Abu ɗaya ne ba a gwada ba, shi ma don ba wanda ya taɓa kawo shi a ransa. Abdulwahid ɗan fari ne. A gidansu Zaituna kuwa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon sa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. Da a ce nono take ba shi, da dole a riƙa miƙo mata shi, ta rufa zane ta kau da kai ta shayar. To amma kwalba kowa na iya riƙewa. Don haka daga asuba har isha'i, babu wani dalili da zai sa hannunta ya taɓa jikinsa. Aikinta wanke kwalba da haɗa madara, sai ta miƙa wa Goggo, yayar babanta, wadda ta tare a gidan don kula da mai jego, ko ta miƙa wa Umma, mahaifiyarta.

Ita ma Zaituna 'yar fari ce, ta san abin tun daga tushe. Tana wata goma sha takwas aka kai ta Jahun wurin kakarta, ba ta dawo ba sai da ta isa ɗaukar tulu. Shekararta goma sha tara a duniya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin Umma ba. "Ke," ko "'yar Jahun," iyakar ta ke nan.

Ranar Alhamis aka tashi da zafi mai ɗanko, irin na ƙarshen damina, fadama duk ta cika ta batse. Tun hantsi yaron ya fara. Goggo ta goya shi ta zagaye tsakar gida, ta sauke, ta girgiza, ta tura masa roba.

"Sha mana, ɗan nema! Sha! Oh ni 'Yar'azumi, wannan aljanin dare ne da shi, in ba haka ba wane ne ke shanye madarar da duhu?"

Zaituna na durƙushe bakin murhu, ta juya musu baya, tana wanke kwalbar da ta riga ta wanke. Kowane kuka a ƙirjinta yake sauka. Tana jin lokacin da muryarsa ta fara dushewa, tana jin lokacin da ya yi shiru, ta shiga addu'a Allah ya sa barcin ya ɗore. Kaza ta yi kyarkyara a bayan rumbu, ya zabura, aka koma gidan jiya.

Da azahar mata biyu 'yan unguwa suka shigo dubiya. Goggo ta kwantar da shi a tabarma ta tafi ɗebo musu ruwa. Yana kwance yana wutsil-wutsil da 'yan ƙafafu kamar tsinke, bakinsa a buɗe, sautin ya ƙi fita. Zaituna ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta sunkuya, ta tura hannu ƙarƙashin wuyansa.

"La'ilaha illallahu!" Goggo ta saki kofin. "Yau na ga 'yar zamani! Ɗan fari? A gaban baƙi? Ke ba ki da ta ido ne?"

Matan suka rufe baki suna ƙunshe dariya. Kunya ta rufe Zaituna tun daga ka har ƙafa. Ta zare hannunta a hankali ta koma bakin murhu. Umma na zaune a inuwar rumfa tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dubi 'yarta, ta dubi jikan, ta mayar da kai kan faifai.

Da la'asar Fannami ya jingine kekensa a ƙofar gida. Tun kafin ya gama sallama Zaituna ta faɗo soron, idanunta sun kumbura.

"Malam, na san abin da ya sa."

"Me? Faɗa mini!"

"Ka rantse ba za ka yi mini dariya ba."

"Dariya? Zaituna, rabona da dariya tun ranar suna."

Ta sunkuyar da kai, ta yi magana da bakin mayafinta.

"In Goggo ta yi barci... sai in ɗauko shi. In buɗe rigata, in kwantar da shi a ƙirjina, jikinsa a jikina. In sa robar a nan, kamar nono nake ba shi. In yi ta kallon idonsa. In..." Ta ƙara yin ƙasa da murya. "In kira sunansa. Sai ya kama. Ba ya saki sai ya shanye, ya yi barci har asuba."

Fannami ya yi tsaye kamar an dasa shi.

"Shi ke nan? Duk wahalar nan, ke yake nema?"

"Ni yake nema."

"To ki faɗa musu mana! Yanzu-yanzu!"

"In ce me? In tsaya gaban Umma da Goggo in ce ina rungumar ɗan fari ina kiran sunansa? Ɗazu hannu kawai na kai, da ka ga yadda aka yi da ni! Gobe duk unguwa za ta ɗauka. Za a ce Umma ba ta yi tarbiyya ba." Hawaye suka zubo mata. "Kai ka faɗa."

"Ni? In shiga gidan surukai in koya musu yadda ake riƙon ɗa? Ko gaisuwa daga soro nake aikawa!"

"To Ya Aisa fa?"

Ya dafe kai. "Na yi mata magana jiya. Ta ce ba za ta zuba ido jikanta ya ƙare a kan gwangwani ba. In na je mata da wannan, cewa za ta yi dabara kika ƙulla don kada a raba ku. Sai ta gani da idonta."

"Ba zan iya ba, Malam. Na gwada, hannuna ya ƙi."

Ya kama gefen mayafinta ya riƙe, abin da bai taɓa yi ba a gidan nan.

"Rabin raina, kullum ina auna kogi, ban taɓa iya ƙara masa ko rage masa ɗigo ba. Yau haka nake ji a kan ɗana. Ban san abin da zan yi ba."

Suka tsaya a nan suna kuka, kowa na jiran ɗan'uwansa ya zo da dabara, babu wadda ta zo.

Juma'a da hantsi Ya Aisa ta iso, doguwar tsohuwa mai tsagen Barebari, ƙamshin turaren wuta na bin ta. Fannami ya rako ta ya tsaya a soro.

"Wushe, wushe, masu gida! Fulani, na zo karɓar kayana."

Aka shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa. Ta ce mai kwalekwale na jira a bakin gada, tafiyar kuma da nisa, rana za ta yi musu a kan ruwa. Lallai yaro ya sa wani abu a cikinsa kafin su tashi.

Zaituna ta haɗa madarar. Cokali a shafe, ruwa mai ɗumi. Ta ɗiga a bayan hannunta, ta miƙa. Goggo ta gwada, ya kau da kai. Ya Aisa ta karɓa, ta yi masa 'yar waƙa da Barbarci, ta lallaɓa robar a leɓensa. Ya tsotsa sau ɗaya, madarar ta gangaro ta gefen baki. Ko kukan kirki ya kasa yi, sai wani ɗan nishi.

Fuskar tsohuwar ta sauya.

"A'a. Wannan ba na jira ba ne. Miƙo mini zanen goyo."

Ta ɗora shi a baya ta ɗaure. Ɗan kansa ya langaɓe gefe. Goggo ta miƙa mata ƙullin kayansa. Zaituna na tsaye bakin murhu da murfin gwangwani a hannu, bayanta a juye kamar yadda aka koya mata. Tana jin takun tsohuwar yana nisa. Ɗaya, biyu, uku...

"Abdulwahid!"

Zaituna ce. Ita kanta ba ta san muryarta na da ƙarfi haka ba. Murfin ya suɓuce ya yi ƙara a ƙasa. A bayan Ya Aisa, ɗan kan nan ya motsa, yana neman inda sautin ya fito.

"Innalillahi!" Goggo ta ɗora hannu a ka. "Ta faɗa! Da rana tsaka ta faɗa! Umma, kina ji? Wannan abin kunya da me ya yi kama?"

Zaituna ta durƙushe a wurin, ta rufe fuska da tafukanta. Ƙarfin ya ƙare, ba ta iya ƙara ko taku ɗaya ba.

Umma ta ajiye faifai. Ta miƙe a hankali, ta karkaɗe zane, ta nufi Ya Aisa.

"Ki yi haƙuri, Ya Aisa, kwance mini shi."

Ta karɓi yaron, ta ɗauki kwalbar a tabarma, ta zo ta tsaya a kan 'yarta.

"Zaituna."

Zaituna ta ɗago da sauri, ta duba hagu ta duba dama, tana neman wanda ya yi maganar.

"Zaituna, karɓi ɗanki. Ki yi masa yadda kike yi masa in kin ɗauka duk mun yi barci."

"Umma... kin sani?"

"Na fito alwalar asuba na gani, ya fi sau goma. Na yi shiru, ni ma kunyar ce ta riƙe mini baki." Ta juya wajen Goggo. "Yaya, ke kika goya yarinyar nan ranar da za a kai ta Jahun. Ina daka a turmin can. Tana miƙo hannu tana kuka, ban waiwaya ba. Kowa ya yaba mini, har ke. Kin san wata nawa na yi ina kuka a bayan rumbu? Ni dai tawa ta je ta dawo da ranta. Wannan dubi wuyansa. Ba zan sake tsayawa a yaba mini ba."

Goggo ta sauke hannu daga ka. Ta ja mayafi ta kare fuskarta, ta juya wa tsakar gidan baya.

Zaituna ta zauna a inuwar rumfa. Ta sassauta rigarta, Umma ta yafa mata zane a kafaɗa. Ta manna shi a ƙirjinta, ta kai robar kusa da fatarta, ta dubi cikin idonsa.

"Abdulwahid... ɗana... ni ce. Sha, ka ji?"

Ya shinshina. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sha kuka. Sannan ya kama.

Ba mai motsi a gidan. Ana jin haɗiyarsa, ƙut, ƙut, ƙut. Madarar ta sauka rabi, ta wuce rabi. Ɗan hannunsa ya lalubo bakin zanen ya damƙe. Kafin kwalbar ta ƙare idanunsa sun lumshe, ya ƙarasa shanyewa cikin barci. Kaza ta yi kyarkyara, ko gezau bai yi ba.

Ya Aisa ta koma ta zauna daɓas a tabarma, tana share ido da gefen gyale.

"Kai Fulani! Ashe da kunyarku kuka so ku kashe mini jika? A je a gaya wa mai kwalekwale ya kama gabansa."

A soro, Fannami ya ji kuka ya ɗauke, shirun ya yi tsawo. Wata biyu bai taɓa jin gidan nan shiru da rana ba. Gabansa ya yanke ya faɗi. Ya manta da surukuta, ya manta da sallama, ya faɗo tsakar gida ba hula.

"Me ya faru? Ina yake? Zaituna!"

Ta ɗago, fuskarta sharkaf da hawaye, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Yi a hankali, Malam. Barci yake."

Ya dubi kwalbar da babu komai a ciki, ya dubi ɗansa, ya dubi matarsa. Sai a lokacin ya ga Umma tsaye a gefe. Ya durƙusa da sauri yana kame-kame, Ya Aisa ta kama hannun rigarsa ta ja shi waje tana cewa shi ma ya koyi rashin kunya a wurin Fulani.

Goggo ta shige ɗaki, tsakar gida ta rage su biyu da mai barci. Umma ta ɗauko mafici ta zauna kusa da 'yarta, kusa sosai har kafaɗunsu suka haɗu, tana kore wa yaron ƙuda.

"Umma," Zaituna ta ce cikin raɗa.

"Na'am."

"Ki sake faɗa."

"In faɗi me?"

"Sunana."

Umma ta kau da kai wajen turmi. Maficin ya tsaya a hannunta. Sannan ta juyo ta dubi 'yarta ido cikin ido, hawaye na bin kumatunta.

"Zaituna," ta ce. "Zaituna 'yata."